Gyaran teburin sunuka: ledar jeri, ƙura da tafiyar ƙwallo

Asabar, 30 ga Nuwamba, 2024

Ƙorafin 'yan wasa ne ya sa na buɗe wannan littafi. Zan riƙa rubuta duk abin da na yi wa teburin, da kuɗin da ya ci, da abin da ya biyo baya, don kada in riƙa aiki a kan zato.

Teburin irin wanda ake ce wa mai ƙafa takwas ne a girma, filin wasansa santimita 112 a faɗi, 224 a tsawo, ƙarƙashin yadin kuma mabul ne falle guda. Yana cikin rumfar kwano a bakin titi a nan Samaru, gefen da ke kallon titi a buɗe yake. Wasan da muke yi shi ne na ƙwallo 15 da fara, wanda baƙa mai lamba 8 ke rufewa. Babu caca a wurina, kuɗin wasa kawai ake biya, kuma a ganina duk wanda ya ciro kuɗinsa ya biya, haƙƙinsa ne ya samu teburin da ba zai cuce shi ba.

Abin da aka fi kuka da shi shi ne fasawa. Mutum zai zage ƙarfinsa ya doki jeri, ƙwallo huɗu ko biyar su fita, sauran su yi zamansu a dunƙule. Sai kuma ƙwallon da za ta taho a hankali, tana gab da tsayawa ta karkace ta bar hanya. Wasu sun ce teburin ne ya jirkice, don haka da shi na fara. Na aro ma'aunin ruwa wajen wani magini, na auna tsawo da faɗi da kusurwa zuwa kusurwa. Ƙafa ɗaya ta ɓangaren titi ta ɗan nutse, na cusa mata guntun tayil da kwali har kumfar ma'aunin ta zauna a tsakiya. Karkatar ta ragu, amma ba ta tafi ba.

Talata, 3 ga Disamba

Kafinta ya yi min ɗan gangare na katako mai kwari a tsakiya, naira 2,000. Hannun mutum ba ya bugu iri ɗaya sau biyu, shi kuwa gangare ba ya canza ƙarfi. Na ja layi da biro a jikinsa, daga nan zan riƙa sakin ƙwallo kullum, in jingina shi da kushin, wato robar gefen teburi, na ɓangaren fasawa, in duba ɗigon gefen teburi da za ta tsaya a kai. Tsakanin ɗigo da ɗigo kusan santimita 28 ne. Yau da ba a taɓa yadin ba, a ɗigo na biyar take tsayawa.

Alhamis, 5 ga Disamba

Mun rufe wuri tun safe ni da ɗan yayata da ke kula min da teburin. Na sayi buroshi mai taushin gashi naira 7,500, na kuma yi hayar ƙaramin injin zuƙe ƙura a wurin wankin mota, naira 3,000.

Yadinmu irin mai gashi ne, gashin ya kwanta daga wajen fasawa zuwa wajen jeri. In ka shafa shi da tafin hannu ta wannan hanyar za ka ji sumul, in ka komo baya za ka ji kaushi. Don haka buroshi ta hanya ɗaya yake bi, a miƙe, ba zagaye ba. Sai da muka fara da ƙarƙashin kushin, inda hannu ba ya shiga, a nan muka ciro ɓawon gyaɗa, da tsinken ashana, da ƙura da ta dunƙule ta yi tauri. Injin kuwa na sa shi a ƙaramin ƙarfi, don kada ya ɗaga yadin daga jikin mabul ya saki.

Da muka juye abin da ya zuƙo a kan takarda, kala biyu ne: jar ƙasar titi da shuɗin alli, kuma shuɗin ya fi yawa. Allin sanda ba irin na makaranta ba ne. Tun 1897 da William Spinks da William Hoskins suka yi rajistar haɗinsa a Amurka, asalinsa garin yashi ne mai laushi da wani dutse mai kaifi, an yi shi ne don ya sa bakin sanda ya kama ƙwallo. To abin da aka yi don ya kama, in ya shiga yadi ma kamawa zai yi. Yana rage wa ƙwallo gudu, yana kuma cin zaren yadin a hankali.

Bayan buroshi muka bi da tsumma mai ɗan lema, wanda aka matse har ba ya ɗiga, muka bari ya sha iska. Gangare da yamma: ƙwallo ta kusa taɓa ɗigo na shida.

Da dare na kashe fitila na kwantar da tocila a kan yadin, haskenta na bin ƙasa. A wajen jeri sai ga ƙananan ramuka sun fito, kowanne da inuwarsa, sun fi goma, ba su ma kan layi ɗaya. Aikin masu jeri ne. In ƙwallon gaba ta ƙi zama, sai su ɗauki fara su ƙwanƙwasa mata a ka. Kowa ya ƙwanƙwasa a inda ya ga dama, shekara da shekaru. Duk ƙwallon da ta zo nan a hankali dole ta gangara cikin ɗaya.

Lahadi, 8 ga Disamba

Na yi odar ledar jeri daga Legas, irin wadda ake gani a manyan gasa maimakon alwatikar katako. Falle biyu ne, na ƙwallo 15 da na ƙwallo 9, naira 14,000 har da kuɗin mota. Wata 'yar siririyar roba ce da aka huda wa ramuka, ana shimfiɗa ta a kan yadi a ɗora ƙwallaye, su zauna kamar ƙwai a kiret. Sai dai an matso da ramukan kusa da juna kaɗan, ta yadda kowace ƙwallo za ta jingina da 'yar'uwarta. A ƙa'idar hukumar wasan ta duniya, WPA, kaurin ledar ba zai wuce milimita 0.14 ba.

Alwatikarmu ta katako ta buɗe a kusurwa ɗaya, kuma ko da lafiyarta, da ka ɗaga ta ƙwallayen sai su gangara cikin tsofaffin ramukan nan su rabu. Giɓin da bai kai kaurin takarda ba ya isa ya shanye ƙarfin fasawa.

Talata, 10 ga Disamba

Buroshi safe da dare. Gangare yana nan tsakanin biyar da rabi zuwa shida.

Juma'a, 13 ga Disamba

Leda ta iso, bayan sallar Juma'a muka gwada. Ban ji daɗin abin da na gani ba. Na jera, na duƙa na leƙa ta gefe, haske na wucewa tsakanin lamba 3 da lamba 11, haka a layin baya. Na juya ledar, na sake jeri, giɓin ya bi ƙwallayen duk inda na kai su. Ke nan ba laifin ledar ba ne.

Na je wajen wani bakanike ya auna min su ɗaya bayan ɗaya da ma'aunin ƙarfensa. Ƙwallon wannan wasa inci biyu da kwata ce, wato milimita 57.15, kuma bambancin da ƙa'ida ta yarda da shi bai kai kashi biyu cikin goma na milimita ba. Namu kuwa wasu sun sauka ƙasa da 57 sosai, fara ta fi kowa cinyewa tunda ita ke shan duka kullum, guda uku ma daga wani saiti daban suka fito, tun kafin teburin ya zo hannuna. An huda ledar ne a kan cikakkiyar ƙwallo. Wadda ta cinye sai ta zauna a tsakiyar raminta ita kaɗai, ba ta taɓa kowa.

Ke nan sai sabbin ƙwallaye. Na tambayi kuɗin Aramith, waɗanda kamfanin Saluc ke yi a Beljiyam da wata roba mai tsananin tauri, su ake amfani da su a yawancin manyan gasa. Kuɗin ya fi ƙarfina a yanzu. Zan nemi matsakaici, muddin dai girmansu ɗaya.

Talata, 17 ga Disamba

Hazo ya sauka sosai tun Lahadi, ko ƙarshen titi ba a gani. Mun share da safe, kafin la'asar in ka ja yatsa a kan katakon gefe sai ya bar layi. Gangare da safe ɗigo shida, da magariba biyar da ɗan kaɗan. Aikin yini guda ke nan na ƙura.

Tela ya ɗinka min murfi na tamfol mai saukowa har ƙasan ramuka, naira 18,000. Doka daga yau: ko na minti goma ne teburi ya zauna babu wasa, a rufe shi.

Asabar, 21 ga Disamba

Yau an samu matsala. Na iso na tarar ƙwallaye na ƙyalli, 'yan wasa kuma na ta gunaguni. Ɗan yayata ya tarye ni da murna.

"Kawu, ka ga yadda na goge su? Man goge mota na samo."

Na ce, "Sannu da ƙoƙari, amma zo ka gani."

Na ajiye ƙwallo, na ja fara baya da ɗan ƙaramin bugu, sai ta dawo fiye da yadda aka saba, har ta wuce inda nake so. Na buga ta kushin da juyi, ta zame, juyin bai kama ba. Man ya sa ta santsi. Abin da ya fi muni shi ne ba ya dawwama: bayan wasa kaɗan ya goge daga wasu ya rage a wasu, ya koma jikin yadi da kushin, ƙura ta bi ta manne. Wanda ya yi wasa da azahar da wanda ya yi da isha'i ba teburi ɗaya suka hau ba.

Muka wanke su da ruwan ɗumi da ɗan sabulu, muka ɗauraye, muka tsane da busasshen tsumma. Kushin kuma sai da muka bi shi da tsumma mai lema har sau da yawa. Yaron ya damu, na ce masa niyyarsa mai kyau ce, kuma daga yau aikin gogewa nasa ne, amma da tsumma kaɗai. Tsummoki masu laushi guda shida, naira 3,000.

Talata, 24 ga Disamba

Sabbin ƙwallaye sun zo, naira 60,000. Kafin in biya cikon kuɗin sai da bakanike ya auna, duk sun yi kusa da juna.

A kan leda suka zauna cif, babu haske ko ɗaya. Wani ɗalibi da bai fi kowa ƙarfi ba ya fara fasawa, da bugu matsakaici, jeri ya tarwatse har kushin huɗu, biyu suka faɗa rami. Ƙarar ma daban ce, guda ɗaya mai kaifi. Rumfa ta ɗauki sowa. Na yi farin ciki ƙwarai, kusan wata guda ke nan ina jiran jin wannan ƙarar.

Murnar ba ta kai dare ba aka yi gardama. Bayan fasawa ƙwallo uku suka tsaya a kan ledar, ba a iya cire ta ba, aka ci gaba da wasa. Wani ya turo lamba 6 a hankali za ta ramin kusurwa, ta hau gefen ledar, ta ɗan yi tsalle, ta faɗa cikin ɗaya daga hudojin ta zauna. Ya ce a sake, abokin wasansa ya ce ina, haka teburi ya ba shi.

Bayan an tashi na gwada da gangare. Ƙwallo mai gudu tana wuce ledar ba ta ma san da ita ba. Wadda ƙarfinta ya ƙare kuwa, in ta zo gefen ledar a karkace sai ta kauce, in ta zo kan huda sai ta tsaya. Ledar da ta gyara fasawa ita ce kuma ke zama cikas in an bar ta.

Na rubuta doka a kwali na manna a jikin ginshiƙi, daidai da ta WPA: da an fasa a cire leda. In ƙwallon da ke kanta ba su wuce biyu ba, abokin hamayya ne zai yi wa wurinsu alama ya ɗaga su, ya zare ledar, ya mayar. In sun fi biyu, ko suna manne da juna, a bar ta har wuri ya buɗe, kuma duk abin da ta jawo an yarda da shi tun farko.

Asabar, 28 ga Disamba

Wani dattijo da ke zuwa kallo, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, ya daɗe yana duban ledar kafin ya yi magana.

"Ɗana, wannan robar wahala ce. Ka ɗora ƙwallayen a kanta, ka ɗiga ruwa kaɗan a kowace huda, ka ƙwanƙwasa su a hankali sau ɗaya. Yadi zai riƙe wurin, ka huta da ita."

Na ce, "Gaskiya ne Baba, ana yin haka har a gasa. Amma yadin nan ya riga ya cika da tsofaffin ramuka, in na ƙara sababbi a kansu ƙwallo ba za ta san wanda za ta bi ba."

Ya gyaɗa kai ya ce to in an sa sabon yadi a tuna da maganarsa. Zan tuna, ko da yake raina ya fi kwanciya da leda. Ita ana ɗauke ta, rami kuwa yana nan har ƙarshen wasa, yana jiran duk ƙwallon da ta zo a gajiye.

Shi ne kuma ya nuna min abin da ban lura da shi ba: yaran nan a kan teburi suke goga alli, garin na zuba a yadi, sannan su kife allin a kan katakon gefe. An ƙara a doka. A goga a gefe, a ajiye fuskarsa sama.

Litinin, 30 ga Disamba

Ba wani sabon abu. Buroshi, tsumma, murfi.

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

Jeri ya fara buɗewa a layin baya, alhali ƙwallaye sababbi ne. Na ɗaga ledar na duba ta a rana. Ƙasanta ya yi shuɗi da alli, bakin hudojin ya tara datti, kusurwa ɗaya kuma ta lanƙwashe sama saboda ana rataye ta a ƙusa kusa da kwano mai zafi. Ƙwallo ba ta zama daidai a hudar da bakinta ya cika, kuma lanƙwasasshen gefe ya fi tare ƙwallo mai tafiya a hankali.

Na wanke ta da ruwa, na shanya a inuwa, na danne ta tsakanin kwali biyu a ƙarƙashin akwatin ƙwallaye. Nan ne wurin ajiyarta daga yau. Kafin a shimfiɗa ta kuma a share wajen jeri da tafin hannu, don ƙwayar yashi ɗaya a ƙarƙashinta tana ɗaga ta.

Talata, 7 ga Janairu

Abu na uku da ake ƙorafi a kai shi ne bugun da mutum zai saita daidai, ya ji wata ƙara mai nauyi, ƙwallo ta tafi gefen rami. 'Yan wasa kan ce teburi ya ci su. Dakta Dave Alciatore, wanda ya koyar da injiniyanci a jami'ar jihar Kolorado a Amurka, ya nuna wannan a bidiyoyinsa na YouTube da aka rage wa gudu. Duk bugu yana barin tabon alli a jikin fara. In aka yi rashin sa'a tabon ya faɗo daidai inda ƙwallayen biyu suka haɗu, sai su kama juna na ɗan lokaci, farar ta ja ɗayar ta kauce daga layi. An fi ganinsa a bugun gefe mai taushi.

Na ɗauki fara bayan wasa ɗaya na ƙirga tabon shuɗi a jikinta, sun fi abin da na zata. Yanzu ana goge ta kafin kowace fasawa. Sai na lura ƙwallayen da aka goge da safe, da sun shiga rami sun fito, sun yi dusu-dusu. Na zura hannu cikin ragar ramin, ashe can ne ma'ajiyar datti. Mun share yadi mako biyar muna mayar da ƙwallo cikin ƙura. An kwance ragogin shida an wanke.

Hoda ma ta tafi. Masu gumin hannu na barbaɗa ta don sanda ta zame, sai su dafa yadi su bar farin tafi. Na sayi safar hannu ta wasa guda huɗu, naira 6,000, mai so ya ara. Mutum biyu sun yi fushi, ɗaya ya dawo washegari.

Asabar, 11 ga Janairu

Mun gwada wasan ƙwallo 9 da ɗaya ledar. Nan wani abu ya fito: in lamba 1 na kan ɗigon jeri, wato alamar da ke kan yadi inda ƙwallon gaba ke zama, aka fasa daga gefe, ƙwallon da ke kusurwar gefen jerin kusan kullum sai ta faɗa ramin kusurwa. Matsattsen jeri iri ɗaya yana ba da sakamako iri ɗaya, har wasan ya fara zama na wanda ya samu fasawa. Dalilin da ya sa ke nan a gasannin da kamfanin Matchroom ke shiryawa ake matsar da jerin gaba, lamba 9 ta hau ɗigon. Mun yi haka, ƙwallon gefen ta daina shiga kai tsaye, wasa ya dawo da daɗinsa. Na yi wa yadin ƙananan alamu biyu da fensir don ledar ta riƙa zama wuri ɗaya a miƙe.

Asabar, 18 ga Janairu

Lissafi zuwa yau naira 113,500. Gangare yana ba da ɗigo shida da safe, da dare kuma bai cika sauka ƙasa da biyar da rabi ba, ko a ranar hazo. Wurin da ya rage shi ne wajen jeri. Tsofaffin ramukan nan babu buroshin da zai cike su, kuma har yanzu suna jan ƙwallo in an ɗauke leda.

Saboda haka mataki na gaba sabon yadi ne. Ina son irin marar gashi, mai santsin saƙa, wanda ƙura ke zama a samansa maimakon ta nutse. Simonis 860 na Beljiyam shi ne sananne, kashi 90 ulu, 10 nailan, amma zan tambayi kuɗin masu kama da shi tukuna. Ranar da za a cire tsohon zan wanke mabul ɗin, don na tabbata akwai alli kwance a ƙarƙashi. Zan kuma yanki ƙyalle daga tsohon yadin a riƙa ɗora fara a kai lokacin fasawa, saboda fararen tabon ƙuna da ke fitowa a wurin.

Kafin nan, ranar Litinin tela zai zo ya auna gefen titi don labulen tamfol. Awon gangare zai ci gaba safe da dare har damina, domin lema tana rage wa yadi gudu, kuma ina so in samu na Janairu a rubuce in kwatanta da na Agusta.